Mutuwar da Muka Riƙe Har Magariba

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya rasu ranar wata Juma'a da hantsi a wani asibiti a nan Guangzhou, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe yana jinyarsa ba. Dalili biyu suka sa na zauna rubuta wannan. Na farko, mutanenmu na nan ba su san shi ba sai a matsayin tsohon da ke duba kaya a sito kafin a loda kwantena. Na biyu, akwai waɗanda har yau suke jin haushina a kan abin da na yi ranar rasuwarsa. Zan faɗi abin bi da bi.

Mu uku ne a kansa lokacin da rai ya yi halinsa: ni, da amininsa, wani dattijo Bakano mai sarin tufafi a kasuwar Shahe, da maƙwabcinmu mutumin Kumasi mai aikin tura kaya. Maƙwabcin ya juya ya fuskanci bango yana salati. Aminin ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa, sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro waya. Sai na riƙe masa hannu.

Na ce, "Alhaji, mayar da ita."

Ya dube ni. "Me ka ce?"

"Ba za a gaya wa kowa ba sai magariba. Ko gida, ko nan."

"Kai, ɗan nan, lafiyarka kuwa? Mutum ya rasu, matarsa tana Kano takaba ta hau kanta ba ta sani ba, ka ce in sa waya a aljihu? A wane littafi ka karanta wannan?"

"Wasiyyarsa ce."

"Wasiyya! Ni da muka ci tuwo a kwano ɗaya tun ba a haife ka ba, ban ji ta ba sai kai?"

Maƙwabcin ya juyo, idonsa jawur, ya ce, "Alhaji, bari ya faɗi dalili tukuna."

Dalilin shi ne Auta. Kawu ɗa namiji ɗaya gare shi, shi muke kira Auta, kuma aikinsa tonon nakiyoyi ne a gonakin arewa maso gabas, inda rikici ya lafa mutane suke son komawa noma. Agogon nan yana gaba da na gida da awa bakwai. Hantsinmu, su ko asuba ba su yi ba. Nan da ɗan lokaci Auta zai yi salla, ya sa rigar kariya, ya durƙusa a gaban ƙasar da aka binne mutuwa a cikinta, kuma ba zai tashi ba sai gab da Juma'arsu, wato magaribarmu. In matar kawu ta ji, cikin minti kaɗan ya ji. In wani a unguwarmu ta Sanyuanli ya sa hoton kawu a waya, ya gani.

Aminin ya saki wayar cikin aljihu, amma bai yarda ba. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da wannan aiki. Ya cinye uban, yanzu ko kukan uban ya hana mu."

Bai yi ƙarya ba a kan cewa aikin ya cinye uban. Kawu soja ne da farko. Da ya yi ritaya sai ya samu shiga cikin masu tonon nakiya a wata ƙasa ta Afirka da ta fito daga dogon yaƙi. Bai cika kiran sunanta ba, "can" yake cewa. Ya yi shekaru a can, ya dawo da yatsunsa goma cif, abin da yake yi wa Allah godiya a kai kullum, amma kunnen hagu ya toshe, gwiwoyi kuma sun tafi. A masallacin Huaisheng a kan kujera yake salla, kuma abin yana ba shi kunya. Ya taɓa ce mini, "Na durƙusa wa ƙasa har na rasa abin da zan durƙusa wa Mai ƙasar da shi."

Ni na kawo shi nan, domin ina bukatar mutumin da zai buɗe kwali ya duba abin da ke ciki ba tare da ya ƙosa ba. Na samu fiye da abin da na nema. Ba ya buɗe kwali ta sama, sai ya kwantar da shi ya fara ta gefe. Mun sha yin faɗa a kan nawarsa, mota tana jira a ƙofar sito shi yana shafa ɗinkin riga da ɗan yatsa. Ba ya taka ciyawa. In muka bi ta wani lambu, yara suna guje-guje a kan ciyawa shar, shi sai ya bi ta kan siminti ko da zagaye ne. A Shahe, inda masu tura kaya ke ihu a kauce, shi tafiyarsa ɗaya ce, ido a ƙasa. Wata mai shago ta sa masa suna da Sinanci wanda aka ce mini ma'anarsa tsoho mai neman allura. In ya tambayi kaya aka ce masa "meyo", wato babu, sai ya ce, "Madalla. Babu ita ce kalmar da na fi so a duniya."

Da yamma, in ya miƙe ƙafa a ɗakinmu na Sanyuanli ina shafa masa man zafi, wani lokaci yakan yi maganar aikin. Yadda ya faɗa mini shi ne: kowa da layinsa, faɗinsa bai wuce taku guda ba. Jan dutse a gefen da ba a duba ba, farin dutse a gefen da aka gama. Akwai sanda da kake kwantarwa a gabanka, hannunka ba ya tsallake ta. Da farko ka duba da ido. Sannan ka lalubi ciyawa ko akwai zaren tarko. Sannan ka yanke ciyawar da almakashi. Sannan ka wuce da na'urar gano ƙarfe. In ta yi kuka, ka koma baya kaɗan ka fara tono ta gefe, a karkace, da tsinken ƙarfe. In ka gama ka matsar da sandar gaba da faɗin tafin hannu, ka sake daga farko. Haka tun safe har rana ta yi zafi, yau da gobe, shekara da shekaru.

Ya ce, "Ƙusa ce ke kashe mutum. Na'ura ta yi kuka, ka tono, ƙusa. Ta yi kuka, murfin kwalba. Ta yi kuka, ƙusa. Har ranar da zuciyarka za ta ce maka wannan ma ƙusa ce."

Na tambaye shi ko akwai daɗi a aikin. Ya ce akwai, ranar miƙa gona. In an gama fili, mutanen ƙauye ba sa yarda su taka sai masu aikin sun jeru sun ratsa shi da ƙafa a gabansu, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce wata tsohuwa ta taɓa bin sawunsa taku bayan taku har tsakiyar gonarta, ta zauna a gindin wata bishiya, ta ƙi tashi har dare. "Ban da wannan," in ji shi, "gajiya ce kawai."

Asalin wasiyyar kuwa sau ɗaya ya ba ni labarinsa. A ƙungiyarsu ta can akwai 'yan Arewa su huɗu. Wata rana saƙo ya zo sansani cewa 'yar ɗaya daga cikinsu ta rasu a gida. Shugaban ƙungiyar ya riƙe saƙon, yana jira a tashi daga aiki, domin haka dokar take. Amma wani a cikin 'yan Arewan ya ji a bakin mai kula da rediyo. Mutum ne mai ladabi, in ji kawu, mai zumunci, irin wanda ba ya bari a riga shi gaisuwar mutuwa. Ya ɗauka uban ya sani. Da safe, suna sa riguna, ya matsa kusa da shi ya riƙe hannunsa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ce."

Uban ya tsaya. Ya tambaya, aka gaya masa. Kawu ya ce masa ya je ya faɗa wa shugaba, ya zauna yau. Ya ce a'a, in ya zauna zai haukace, aiki zai ɗauke masa hankali, kuma ya roƙe su don Allah kada su faɗa. Suka ji nauyinsa suka yi shiru. Layinsa yana kusa da na kawu. Kafin usur na hutun farko ya busa, kawu ya rasa kunnen hagu, mutumin ya rasa ransa.

Kawu ya ce, "Gaisuwa ce ta kashe shi. Gaisuwa mai kyau, wadda aka koya mana tun muna yara."

Wannan ya sa da Auta ya ce zai shiga aikin, gidan ya kama da wuta. Kawu ya kawo shi nan ne musamman don ya koyi kasuwa ya manta da zancen. Auta ya yi shekara biyu yana bin mu Shahe kamar wanda aka ɗaure. Faɗan ya fashe wata rana muna cin abinci.

Auta ya ce, "Baba, manoma suna mutuwa a gonakinsu. Kai ka yi wa mutanen wata ƙasa, ni ba zan yi wa namu ba?"

"Na yi ne don kada kai ka yi."

"To wa zai yi?"

"Ɗan wani."

"Wancan ɗin ba shi da uba?"

Kawu ya ture kwanon. "Kai da ba ka iya jira shayi ya huce ba? Kai da ke tsallake matakala bibbiyu? Ƙasa za ta gane ka ranar farko."

Wata guda ba su yi magana ba sai gaisuwa. Ni ina tsakiya, kowa yana aiko ni wurin ɗan'uwansa a ɗaki ɗaya. Daga baya kawu ya gaji. Bai taɓa cewa ya yarda ba. Ranar tafiya dai ya raka shi har bakin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Kada hannunka ya tsallake sanda."

Bayan tafiyarsa Auta ya ɗauki al'adar kiran ubansa kullum bayan sallar asuba, kafin su fita. A nan ne na ga abin da ya ɓata mini rai. Waya za ta yi ta ƙara a gaban kawu, sunan Auta a jiki, shi yana kallonta har ta katse. Yau ya ɗauka, gobe ya ƙi, wani lokaci kwana uku a jere bai ɗauka ba. Na ɗauka sauran fushi ne. Ni ba mai tsoma baki ba ne, amma rannan na kasa.

Na ce, "Kawu, wannan ba daidai ba ne. Yaro zai shiga inda zai shiga, yana son ya ji muryarka, kai kana kallon waya."

Ya ce, "Zauna." Na zauna.

"In kullum ina ɗauka, ranar da ban ɗauka ba me zai ce a ransa?"

Bai jira amsata ba.

"Ina so ya saba. Ya ce tsohon nan ne da halinsa, yana sito, ko kunnen ne bai ji ba. Ya sa waya a jaka ya tafi aikinsa da zuciya ɗaya." Ya ɗan yi tari, ya ci gaba. "Kai nake gaya wa, don kai ba ka da taushin zuciya irin na Alhaji. Ranar da na mutu, in da safensu ne, ku riƙe ni. Kada ka yi ƙarya, kada kuma ka ɗauka. Sai ya fito daga layi, ya cire riga, ya zauna."

Na lura hannunsa yana kan wayar duk lokacin da yake maganar, yana shafa ta da babban yatsa.

To, ranar Juma'ar nan, muna cikin tasi daga asibiti zuwa masallaci, wayar kawu ta yi ƙara a aljihuna. Aminin yana gefena. Ya ji, ya san ko wane ne. Ya rufe fuska da hula. Ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta sake, ta katse. Ba ta ƙara ba. Direban ya waiwayo ya ce wani abu yana nuna aljihuna, na ce masa na gode.

A masallaci ne abin ya fi wuya. Kujerar kawu tana inda take, babu kowa a kai, kuma kowa sai ya tambaya. Ban yi ƙarya ba. Duk wanda ya tambaye ni na ja shi gefe na gaya masa gaskiya, na gaya masa sharaɗi. Wasu suka gane nan take. Wani Ba-Damagare ya ce a garinsu ba a taɓa ɓoye gawa ba sai ta maye, na ce masa na ji. Na roƙi manyanmu kada a yi sanarwa bayan salla kamar yadda aka saba. Dama a nan ba a rufe mutum ranar da ya mutu, sai an bi takardu, saboda haka jinkirin bai tauye wa mamacin komai ba.

Duk da haka sai da abin ya ɓalle. Muna fitowa kan titin Guangta maƙwabcinmu ya miƙo mini wayarsa. Hoton kawu ne da farar hula, an rubuta addu'a a ƙasa. Wani ɗan kasuwa da muke loda kaya tare ne ya sa. Na same shi a bakin mai gasa nama.

"Cire."

"Haba Yallabai, addu'a ce fa. Laifi ne a yi wa mamaci addu'a?"

"Auta yana da lambarka?"

"Yana da ita."

"Cire, ka yi addu'ar da bakinka. Allah yana ji ba sai da hoto ba."

Ya cire. Ya ce bai fi minti goma da sawa ba. Na san suna ajiye waya a jaka in za su shiga fili, amma na san kuma akwai hutu, kuma a hutu mutum yakan leƙa. Ba ni da hanyar sanin ko ya gani. Ba zan iya kira in tambaya ba.

Muka koma Sanyuanli. Ɗakin ya cika, har kan matakala. Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba: mutum kusan talatin, kowa waya a aljihu, ba mai taɓawa. In ta wani ta yi ƙara sai kowa ya ɗago. Aminin ya zauna a ƙofa ya zama ɗan sanda, shi da ya fi kowa faɗa da safe. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Gaisuwa da baki, waya a aljihu."

Da la'asar mai gadin gidanmu ya hawo. Tsohon Basine ne mai ƙafar roba. Tun ranar da kawu ya fara ganin tafiyarsa ya ce mini, "Wannan nakiya ya taka." Ba su da yare ɗaya, amma kusan kullum sukan zauna a benci a ƙofar gida, kowa ya miƙe ƙafa, suna shan shayi, ba mai cewa uffan. Kawu ne ke gyara masa maɗaurin ƙafar in ya saki. Tsohon ya tsaya a bakin ɗaki, ya dubi katifar kawu, ya dube ni. Na girgiza kai. Ya sunkuya sau uku yana fuskantar katifar, ya juya ya fara sauka a hankali, muna jin ƙafar tana buga matakala har ƙasa.

Na gaji ranar nan irin gajiyar da ban san da ita ba. Ban yi kuka ba, domin ina ganin in na fara wani zai ɗauka an ba da izini.

Muka yi magariba a ɗakin. Na ƙara jira kaɗan, don in tabbata sun koma sansani. Sannan na kira da wayata. Ni da Auta taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, ba ma gaisawa sai da tsiya. Ya ɗauka da dariya.

"Bawan gidanmu! Yau ka tuna da ubangidanka? Ko shinkafar Sin ta ƙare ne?"

Da na ji dariyar nan sai na zauna a bakin katifa. Bai ga hoton ba.

Na ce, "Ka fito daga layi?"

"Tun ɗazu. Me ya faru?"

"Ka cire riga?"

Dariyar ta tafi. Shi ma an koya masa tambayoyin nan, ya san abin da ke bin su.

"Na cire."

"Zauna."

Na ji motsi, na ji numfashinsa. Ya ce, "Na zauna, Yaya." Bai taɓa kirana Yaya ba.

Na gaya masa. Ya yi salati a hankali, ya maimaita. Ɗakin tsit, kowa yana ji.

"Yaushe?"

"Kafin asubarku."

"Da na kira fa?"

"Wayar tana aljihuna."

Na shirya ya zage ni, kuma da ya zage ni da na karɓa. Sai ya ce, "Na ce a raina tsohon nan da halinsa. Har na yi masa tsaki." Muryarsa ta karye a nan. Na bar shi ya yi kukansa, ban ce ya yi haƙuri ba, domin mai faɗa masa haka ba zai yi wuya ba.

Da ya natsu na ce, "Gobe fa?"

"Yanzu zan je wurin shugaba in gaya masa. Ba zan shiga ba sai ya ce na dawo daidai." Ya ja hanci. "Inna ta sani?"

"Kai ne na farko."

"Bari ni in gaya mata."

Na ajiye wayar. Mutum talatin suna kallona. Na ce su ba shi ɗan lokaci ya kira mahaifiyarsa, suka ba shi. Sannan na ce, "To, Alhaji, bismilla."

Aminin ya ciro wayarsa, ya dube ta, ya kasa ganin lambobin. Ya miƙa wa maƙwabcinmu ya ce, "Nemo mini gidan yayarsa." Mahaifiyata yake nufi.

Allah ya jiƙan kawu, ya yafe masa, ya hutar da shi hutun da bai samu a duniya ba. Ya sa ƙasar da zai kwanta a cikinta ta yi masa sauƙi. Ya tsare Auta da abokan aikinsa a kowane layi suka durƙusa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.